Gargaɗi ga masu wasan harbin fenti: hattara da mai tallar "saitin sanyi"

Salam 'yan uwa, don Allah ku karanta wannan kafin wani ya sake faɗawa hannun mutumin nan. Ban kama suna ba don ba shi da suna ɗaya, duk bayan 'yan kwanaki sai ya canza shafi ya canza hoto, amma tallar iri ɗaya ce: wai cikakken saitin sanyi, tukunyar iska, kwalin harsashin fenti na hunturu, da abin rufe fuska mai gilashi biyu wanda ba ya hazo. Araha kamar kyauta. Mu uku muka haɗa kuɗi muka tura masa.

Abin da ya ci mu shi ne wallahi mutumin ya san harkar, duk abin da ya faɗa kan sanyi gaskiya ne. CO2 a cikin tukunya ruwa-ruwa yake, sai ya koma iska sannan ya tura harsashi, to in gari ya yi sanyi ƙarfinsa faɗuwa yake, abin da ke ba ka wajen psi 850 (psi ma'aunin matsin iska ne) a yanayi mai daɗi sai ya sauko kusan 500 in sanyi ya kai digiri 0, kuma in kana sakin harbi ba ƙaƙƙautawa tukunyar ƙara sanyi take har ka ga ta yi fari-fari, harsashi yana faɗuwa a gabanka kamar ka jefa da hannu. Shi ya sa da sanyi kowa ke neman HPA, iskar da aka matse zalla, mai psi 3000 ko 4500, ita sanyi bai cika damunta ba. Haka ya zayyana mana tiryan-tiryan, muka ce lallai wannan ɗan gida ne.

Kaya suka iso. Tukunyar sai ƙyalli, har da wata shuɗiyar sitika a gefe. Na kai ta wajen cika iska, dattijon da ke cikawa ya juya ta ya sake juyawa, ya sa farce ya ɗaga sitikar, ashe daidai kan kwanan watan da aka ƙera ta aka manna. Ya ce "ƙanena, wannan ko kyauta aka ba ka kar ka ɗora ta a kafaɗa." Irin masu jikin zaren kabon ɗin nan yawancinsu shekara 15 ne wa'adinsu, kuma duk shekara 5 sai an yi musu gwajin matsin ruwa an buga shaida. Tawa ta wuce wa'adi, shaidar gwaji ko ɗaya babu. Ku tuna fa ita ake tokarewa a kafaɗa, dab da wuya. Ya ƙi cikawa, a lokacin har na ji haushinsa, Allah ya yafe min.

Fentin kuma ba a magana. Na hunturu na gaskiya ɓawonsa ya fi kauri, ruwan cikinsa kuma ba ya saurin yin kauri, saboda ɓawon gelatin ne, sanyi na sa shi ya yi tauri ya riƙa fashewa kamar ƙwai. Namu muna buɗe leda muka ga sun manne da juna, wasu sun lotsa, mai ya kwanta a ƙasan ledar. Tsohon kaya ne aka sake wa kwali. Abokina ya ari tukunya ya gwada, harbi uku biyu sun fashe a cikin bututu, ranar goge bindiga kawai ya yi.

Abin rufe fuskar gilashi ɗaya ne. Minti biyar ya yi hazo, ɗayanmu ya kai hannu zai ɗaga ana tsakiyar wasa, alƙalin fili ya daka masa tsawa. Abin da ke gudun kusan mita 90 a daƙiƙa ɗaya, in ya samu ido ai shi kenan.

Da muka yi wa mai tallar magana kun san me ya ce? Sanyi ne. Fenti ya fashe, sanyi ne. Gilashi ya yi hazo, sanyi ne. Nan dabarar take, ya zaɓi lokacin da ko kayan kirki ma suna ɗan ba da matsala, robar da ke toshe mahaɗa ta ƙage iska ta riƙa zurarewa, batir ya yi saurin mutuwa, don haka sabon shiga ba zai bambance laifin gari da laifin kaya ba, sai ya haƙura ya jira zafi, kafin nan shi ya yi layar zana. Abin da ya fi tayar min da hankali shawarar da ya bayar, wai mu ajiye tukunya kusa da hita ta ɗumama, mu kuma ɗiga mai a bakin da ake cika iska. Kar wanda ya kuskura! Zafi na ƙara matsi, mai kuma in ya haɗu da iska mai ƙarfi haka wuta yake iya kamawa. Na tura masa hoton kwanan watan, ko minti ɗaya ba a yi ba ya yi bulokin ɗina.

In za ku sayi tukunya a intanet ku ce a turo bidiyon rubutun jikinta gaba ɗaya, a ga ranar ƙira da ta gwaji. Jiya wani ya turo min sikirinshot, ya dawo da sabon shafi, hoton tukunya kan farin tawul, shuɗiyar sitikar nan tana nan daram a gefe.