Gwajin ji da na'urar kunne bayan sanƙarau: yadda ta kasance da mu

Autarmu tana da shekara huɗu sanƙarau ya kama ta, cikin watan Maris, ana tsakiyar zafi da ƙura. Kwana goma muka yi a asibiti ana yi mata allurar ceftriaxone, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta jijiya, Allah ya tashi kafaɗunta. Sai da muka dawo gida mahaifiyarta ta lura ko kwano ne ya faɗi ba ta waiwayowa. Aka ce mana rashin ƙwarin jiki ne, jin zai dawo da kansa. Wata huɗu muna zaman jira kafin wani abokin aikina ya tura ni wannan wurin gwajin ji da ke Kano. Masu irin larurarmu sun san shi, ba sai na kama suna ba.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu ita ce likitar da ta duba mu. Tana gama karanta takardar sallama ta ɗago ta ce, "Malam, me ya tsayar da ku har yanzu?" Ban ji faɗa a muryarta ba, damuwa na ji. Ta jawo takarda ta zana mana cikin kunne, wani abu a nannaɗe kamar dodon koɗi. Ta ce ba ƙwayar cutar kaɗai ke ɓarna ba: idan ta shiga ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, garkuwar jiki kan taso mata da ƙarfin da ya wuce kima, kumburin nan ne ke lahanta ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ta wata siririyar hanya yakan gangara cikin kunne ya kashe ƙananan gashin da ke kama sauti, su kuwa ba sa sake tsirowa. Ko maganin ma, in ya farfasa ƙwayoyin, ɓarɓashinsu kan ƙara hura kumburin, shi ya sa ake haɗawa da dexamethasone, maganin rage kumburi, tun allurar farko, masu bincike kuma na ta neman abin da zai fi shi kwantar da kumburin. Ta ce a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin mutum biyar da suka tsira, ɗaya kan tashi da wata nakasa.

Maganar da ta fi tsaya min a rai ita ce wannan nannaɗaɗɗen wurin yana iya cikewa da ƙashi cikin makonni, shi ya sa ake son a gwada ji da an sallami yaro. Kwana goma ina kwana a barandar asibiti, babu wanda ya ce min haka. Wallahi har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Gwajin kansa an yi shi a natse. Yarinyar na barci a cinyar mahaifiyarta aka manna mata wayoyi a goshi da bayan kunne. Na hagu ya tafi, na dama da saura. Ranar da aka saka mata na'urar ƙara ji, mahaifiyarta ta koma bayanta ta kira sunanta, sai ga ta ta juyo. Dukanmu sai da muka yi hawaye. Da a ranar aka tambaye ni, da na ce babu kamarsu.

Amma fa daga nan hali ya canza. Robar da ake gwadawa daidai kunne, sun ce mako biyu, sai da ta yi shida, ta zo kuma ba ta zauna ba, na'urar sai fito take yi, yarinya na cizge ta tana kuka. Batir bai fi mako guda ba, in ya ƙare sai wurinsu, sau biyu ina zuwa ana ce min babu. Waya kuwa ka kira har ka gaji. Da na tambayi batun dashen na'ura a kunnen hagu, ta gaban teburin ta yanko min miliyoyi ko kallona ba ta yi ba.

Don likitar nan zan ci gaba da zuwa, kuma duk wanda ɗansa ya tashi daga sanƙarau ita zan nuna masa. Sauran ma'aikatan ban gamsu da su ba. Sabuwar robar da suka sake aunawa, yau kwana goma sha tara ke nan ina jira.