Tsakuwar Ƙoda A Jikin Tsoho: A Fasa Daga Waje Ko A Shiga Da Leza?

Hajiya, kin ce Baba yana da shekara 86, hoto ya nuna tsakuwa mai santimita ɗaya da rabi a ƙodarsa, yana shan maganin tsinka jini tun da ya yi shanyewar ɓarin jiki, kuma likita ya ba ku zaɓi biyu: a fasa ta da na'ura daga waje, ko a bi ta hanyar fitsari a farfasa ta da leza, wato wani haske mai ƙarfi. Allah ya ba shi lafiya.

Na san hankalinku ya fi kwanciya da ta farko, tunda ba yanka, ba zura komai. Mutum zai kwanta, na'ura ta riƙa aika bugu dubbai ta cikin fata har tsakuwar ta dagargaje, yawanci cikin abin da bai wuce awa ɗaya ba, ya koma gida a ranar. A birnin Munik na Jamus aka fara yi wa ɗan Adam wannan aiki a 1980, kuma sau da yawa maganin rage zafi ya isa, ba sai an sa mutum barci ba. Ga mai raunin zuciya wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai na'urar fasawa kawai take yi, fitarwa aikin jikin Baba ne. Ɓarɓashin zai ɗauki kwanaki ko makonni yana saukowa, yana buƙatar shan ruwa da yawa da motsa jiki. To tsohon da ke wuni a zaune fa, wanda wataƙila likitan zuciya ya taƙaita masa ruwa? Wani lokacin ɓarɓashin kan yi jerin gwano a bututun da ya haɗa ƙoda da mafitsara, ya toshe shi. In tsakuwar tana can ƙasan ƙoda, ko mai tauri ce sosai, zama ɗaya ba ya isa, sai an sake. Kowace komawa asibiti kuwa wahala ce ga ɗan shekara 86.

Babbar matsalar ita ce maganin tsinka jinin nan. Bugun na iya sa jini ya taru a kewayen ƙoda, kuma haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi da masu hawan jini. Shi ya sa ba a yin wannan aiki sai an dakatar da maganin, dakatarwar kuma ita ce ke buɗe ƙofar sake shanyewar jiki.

A aikin leza, ana zura siririn bututu mai kyamara ta mafitsara har cikin ƙoda, a farfasa tsakuwar ido na gani, a kwaso gutsattsarin da ɗan kwando. Ana iya yin sa ko mutum yana kan maganin tsinka jini, kuma ya fi yiwuwa a gama a zama ɗaya. Matsalarsa ita ce sai an yi allurar barci ko ta kashin baya. Tsofaffi da dama kan ruɗe bayan tiyata, su kasa gane 'ya'yansu na kwana ɗaya ko biyu, don haka a bar wanda Baba ya saba da shi a gefensa, da tabaransa in yana sawa. Akwai kuma haɗarin ƙwayoyin cuta su shiga jini. A tabbata an gwada fitsari an magance su kafin ranar aiki. Sannan akan bar siririyar roba a ciki na ɗan lokaci, mai sa yawan fitsari da zafi da ɗan jini.

A ganina, ga Baba leza ta fi, muddin likitan barci ya duba zuciyarsa da huhunsa ya amince. Da ba ya shan wannan magani, kuma tsakuwar ba ta kai santimita ɗaya ba, da na ce a gwada ta waje. Da ta wuce santimita 2, da magana ta koma huda fatar baya a shiga ƙodar kai tsaye, wadda ta fi su duka zubar da jini. Ku kuma tambayi likita ko tana toshe wani abu. Tsakuwar da ba ta ciwo, ba ta toshewa, akan bar ta a riƙa lura.

Kada ku dakatar da maganin da kanku, kuma kada a sayo masa Diclofenac a kemis, yana cutar da ƙodar tsoho. In ya fara rawar sanyi, ko ruɗewa, ko fitsari ya ragu, a kai shi asibiti nan take ko da jikinsa bai yi zafi ba. In kuma an sa robar, ki karɓi ranar cire ta a rubuce kafin a sallame ku, domin wadda aka manta a ciki sabuwar tsakuwa ke taruwa a jikinta.