Wane littafi zan saya wa yaron da ya fara girma?

Ƙanena Sani ya shiga aji na huɗu a kolej, murya ta fara buɗewa, ya daina zama cikin mata, kullum waya a hannu. Shi ne na ce bari in tahi wajen masu shimfiɗa littattafai a ƙasa nan kusa da Babbar Kasuwa ta Yamai in samo mishi labarin yaro kamar shi, wanda duniya ta buɗe wa ido. Huɗu na ɗauka na juya, ga yadda na gan su.

L'Enfant noir na Camara Laye, 1953, shi ne mai sauƙi. Yaro ne ɗan maƙeri a Kurusa ta ƙasar Gine, ga baƙin maciji da ke zuwa maƙerar babanshi, ga kaciya, daga nan Konakiri, daga nan Faransa. Faransancin ba wuya, ɗan shekara 12 ma zai iya. Abin da yaron ya rasa gida ne, kuma wallahi wurin da uwar ke kuka ba ta son ya tahi, ni har yau in na karanta sai na tuna ranar da na bar Tawa na zo lise, inna ta ƙulle mini ƙuli-ƙuli a leda ta juya baya don kar in ga idonta.

L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane, 1961, ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Tun shafin farko malam Thierno na murɗe kunnen Samba Diallo don ya yi kuskure a aya, duk wanda ya yi makarantar allo zai ji a jikinshi, sannan anka cire yaron anka kai shi lakkwal, har Paris, ya dawo bai san inda zuciyarshi ta tsaya ba. Na fi son shi a cikin huɗun amma gaskiya na ɗan lise ne, in ka ba ƙaramin yaro zai aje shi a shafi na 20 kuma ya tsani littafin har abada.

Allah n'est pas obligé na Ahmadou Kourouma, 2000, Birahima ne yaron da ya ɗauki bindiga a yaƙin Laberiya da Saliyo. Akwai ashar, akwai jini. Ka karanta da kanka tukuna kafin ka miƙa wa kowa.

Sai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, 1934, da Hausa. An sace yaro tun yana ƙarami, ya ƙetare hamada, uwar ta bi sawunshi har ita ma ta faɗa bauta. Gajere ne kuma ana iya karanta shi da ƙarfi a tsakar gida, har tsohuwa ta ji. Samun shi a Yamai dai sai an sha yawo.

In kwance za ka saya, ka zauna ka buɗe tsakiya da ƙarshe, wasu shafi sun zube, wasu fotokofi ne rubutun ya dushe. L'Enfant noir na zaɓa. Na farkon da mai littafi ya miƙo mini, babin ƙarshe ba ya nan gaba ɗaya, inda Laye ke cikin jirgi da taswirar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, a aljihu. Na ce malam canza mini, ya tona cikin kwali ya zaro wani mai bango a yage amma cikakke. Shi na kai wa Sani.