Amsar tambayar Yaya kan na'urar zaro gudan jini daga ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya. Ya jikin Kawu? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce.

Na saurari saƙonka, na kuma kalli bidiyon da ka turo na likitan da ke zaro gudan jini daga kan mai shanyewar ɓarin jiki. Ka tambaya ko gaskiya ne, in kuma gaskiya ne nawa ake sayar da abin, a yi karo-karo in sayo in aiko Gombe a yi wa Kawu. Gaskiya ne. Ana yin aikin a asibitin da nake jinya a nan Ingila, kuma sashenmu ake kawo majinyatan idan an gama. Sai dai ba zai amfani Kawu ba, kuma ba tsada ce ta hana ba. Na ga gara in yi bayanin a rubuce ka karanta wa su Inna, domin maganar ta shafi kowa a gidanmu.

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe jini ya kwarara a ciki. A ido ba a bambance su, duk baki ne zai karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Hoton kai na CT ne ke raba gardama. A nan, cikin mutum goma, takwas zuwa tara toshewa ce. A wajenmu fashewar ta fi haka yawa. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan yake cikin jagororinsa, ya nuna a 2018 cewa kusan ɗaya cikin uku fashewa ce, kuma hawan jini ne babban sanadi, nesa ba kusa ba. Na'urar nan ta masu toshewa ce kaɗai, su ma sai wanda babbar jijiya ce ta toshe masa. Ana ƙiyasta mutum ɗaya cikin goma ne ya dace da ita.

Ba a fasa kai. Likita zai huda jijiyar matsematsi, wani lokaci ta wuyan hannu, ya zura dogon bututun roba mai laushi, ya bi da shi ta ciki, ta ƙirji, har ya hau wuya, yana kallon tafiyarsa a allo. Sai a tura wani ruwa da ke sa jijiyoyi su fito baƙi wuluk a hoton. Za ka ga rassa sun bazu ko'ina, ɗaya kuma ya tsaya cak. Nan gudan yake. Ta cikin babban bututun ake zura wani siriri da kaurinsa bai kai milimita 1 ba, a ratsa gudan da shi. A cikin siririn akwai ragar ƙarfe a tsuke, an yi ta da haɗin nikel da titaniyom, wanda ke komawa siffarsa da zarar an sake shi. Ana janye bututun sai ragar ta buɗe a tsakiyar gudan. A ɗan jira ta kama shi, sannan a jawo su tare a hankali. Wata hanyar kuma ita ce a kai bakin wani bututu daidai kan gudan a zuƙo shi da inji. Likitocinmu kan haɗa biyun. Wani majinyacin ma ba a sa shi barci, ana magana da shi ana aikin.

Abin ba sabo ba ne can-can, amma ya daɗe bai karɓu ba. A 2004 Amurka ta amince da ta farko, Merci, wata waya mai murɗaɗɗen baki. Daga baya Penumbra mai zuƙa ta zo, sannan a 2012 ragogin Solitaire da Trevo, waɗanda har yau muke buɗe kwalayensu. A 2013 manyan gwaje-gwaje uku sun kasa nuna cewa aikin ya fi allurar narkar da gudan jini, har likitoci da yawa suka fara fidda rai. Gwajin MR CLEAN na ƙasar Holan, kan mutum 500, shi ya juya lissafin, wasu huɗu suka biyo baya a 2015 da sakamako iri ɗaya. Da aka haɗa biyar ɗin, cikin mutum 100 da aka yi wa aikin, 46 sun koma suna kula da kansu bayan wata uku. Waɗanda ba a yi wa ba, kimanin 27 ne. A 2017 hukumar lafiya ta NHS ta ɗauki nauyin aikin a Ingila.

Na taɓa raka majinyaci ɗakin, sanye da rigar darma mai nauyi saboda hasken na'urar. Da aka fito da ragar, likitan ya kakkaɓe ta a kan farar auduga. Gudan ja ne mai duhu, tsawonsa bai wuce santimita 1 ba. Shi ne ya hana magidanci ɗaga hannunsa, ya hana shi kiran sunan matarsa. Aka sake tura ruwan, reshen da ya tsaya ya cika har ƙarshensa. Washegari da safe na tarar da mutumin ya riƙe kofin shayi da hannun da jiya yake lilo. Wallahi Yaya sai da na ce Allahu Akbar a fili. Amma kada ka manta da lissafin can, fiye da rabi ba sa komawa yadda suke. Wani jini ya zuba a ƙwaƙwalwar bayan an buɗe jijiyar, wani gudan ya ƙi fita, wani an zo a makare.

Makara ita ce maganar gaba ɗaya. Ka san noman rani a Dadin Kowa: idan magudana ta toshe, shukar da ke ƙarƙashinta ba ta mutuwa lokaci guda. Ta tsakiya ce ke fara bushewa, ta gefe tana ɗan samun lema daga maƙwabta, ta yi yaushi tana jira. In an buɗe da wuri ta farfaɗo, in an bari, ko kogi aka juyo mata ba ta tashi. Haka ƙwaƙwalwa take. An ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 ke mutuwa kowane minti. Allurar narkar da gudan jini, ƙa'idarta cikin awa 4 da rabi ce. Aikin bututu an fi so cikin awa 6, kuma tun 2018 ana kai wa awa 24 ga wanda hoto ya nuna yana da sauran wurin ceto. Kawu kuwa an kwashe watanni. Abin da yake buƙata yanzu gashi ne ba fashi a wajen masu gashi na asibiti, da shan maganin hawan jininsa kullum, da juya shi a kan gado saboda gyambon kwanciya, da sa shi yin abin da zai iya da kansa ko da yana jinkiri. Kuɗin da kuka yi niyyar haɗawa, a kashe su a nan.

Ragar guda ɗaya dubban fam ce, kuma sau ɗaya ake amfani da ita a jefar. Ko kyauta aka ba mu, ita kaɗai ba ta tsinana komai. Sai da ɗaki mai na'urar hoton jijiya, da wutar da ba ta ƙiftawa, da likitan da ya yi shekaru yana koyon bin jijiyar ƙwaƙwalwa, da likitan sa barci, da ɗakin kulawa ta musamman, duk a shirye ko da ƙarfe biyun dare ne.

Abin da ya fi burge ni a nan ba ragar ba ce, abin da ke faruwa kafin a kai gare ta ne. An kira 999, lambar gaggawa, motar asibiti ta zo, ma'aikatanta su duba fuska da hannu da magana, tun suna hanya su sanar da mu. Muna tsaye a ƙofa. Ba a tsayawa yankan kati, ba a neman ɗan'uwa ya je ya biya, daga mota sai ɗakin hoto. Haraji ne ya riga ya biya, kuma mun san muna biyansa, ana zare shi daga albashi kafin ya shigo hannu. Ban ce komai daidai yake ba. A lokacin sanyi motar kan yi jinkirin da ke cin ran ƙwaƙwalwa, ba kowane yanki ne ke yin aikin da dare ba, kuma har yanzu da yawa daga waɗanda suka dace ba sa samu. Ganin likitan unguwa kan ƙaramin ciwo ma sai ka jira kwanaki, alhali a Gombe in da kuɗinka yau za ka ga likita.

Akwai kuma abin da muka fi su, wanda kullum yake tsaya mini a rai. Tsofaffi da yawa a nan su kaɗai suke kwana a gida. Sai washegari mai zuwa dubiya ya tarar da mutum a ƙasa, ba wanda ya san yaushe ya faɗi, ga asibiti ga kayan aiki amma lokaci ya tafi. Mu kuwa dattijo ba ya zama shi kaɗai, ko a Jekadafari ko a Kumo ko a Dukku. A minti na farko wani zai gani. Sai mu ɓatar da wannan falalar. A ce iska ce ta buge shi, a yi hayaƙi, a shafa man zafi, a kira mai kemis ya yi allura, a jira maigida ya dawo daga kasuwa ya yanke shawara. Ban hana addu'a ba, ni ma da ita nake fara aikina. A yi tofin a cikin mota ana tafiya.

Don haka ka gaya wa kowa a gida, har yara. In bakin mutum ya karkace, ko hannu ɗaya ya kasa tsayawa a sama, ko maganarsa ta rikice kwatsam, a dubi agogo a riƙe lokacin, domin shi likita zai fara tambaya. A kwantar da shi a gefe. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu, saboda maƙogwaro ma kan shanye, abin ya wuce huhu ya zama nimoniya. Mu nan ko cokalin ruwa ba ma bayarwa sai an gwada haɗiya. Kada a ba shi asfirin kafin hoto, in fashewa ce ƙara zubar jinin zai yi. A nemi mota ko Keke Napep a wuce kai tsaye babban asibiti inda za a yi hoton kai, Asibitin Koyarwa na Tarayya in a Gombe ne, 'yan'uwanmu na Bauchi kuma na Abubakar Tafawa Balewa. Ko da abin ya sake shi bayan 'yan mintuna ya ce ya warke, a tafi a ranar. Sau da yawa wannan gargaɗi ne, babbar tana tafe.

Maganar hawan jini kuma, a nan wanda ya kai shekara 40 yana iya shiga kantin magani a auna shi kyauta. Amma ba za a sayar maka da maganinsa, kamar amlodifin, ba sai da takardar likita, kowane magani kusan fam 10 a Ingila, wanda ya kai shekara 60 kuma ba ya biya. A gida maganin yana kusa da hannu, matsalarmu ita ce da an ji sauƙi sai a ajiye, a ce an warke. Hawan jini ba ya faɗa maka yana nan. Inna ta rage gishiri da magi a miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali, har da wanda ke cikin magin.

Na sayi na'urar awon jini ta Omron, mai ɗaurin damtse, ba ta wuyan hannu ba, zan ba mai tahowa ya kawo maka tare da batura. Mutum ya zauna ya huta minti biyar tukuna, bayansa a jingine, hannunsa a kan tebur daidai ƙirji, ba ya magana. A auna safe da yamma na mako guda, a rubuta a littafi da kwanan wata. Wanda nasa ke kai wa 140 bisa 90 ko ya wuce, ya ɗauki littafin ya je wajen likita. Ka fara da kanka Yaya, sannan Inna, sannan 'ya'yan Kawu manya.

A gaida su Inna da yara.

Ƙanwarka.