Kanal ɗin Oxford ko na Kennet da Avon: wanne ya dace da hutun iyali?

Hajiya, kin tambaya wanne za ku bi cikin kanal ɗin nan biyu, wato hanyoyin ruwa da aka haƙa don jirage, in kun yi hayar dogon jirgin ruwan nan na Ingila na mako guda, ke da maigida da yara, kuna tsayawa a garuruwan kasuwa. Ni dai Oxford zan zaɓa muku, ga dalilina.

Zaman cikin jirgin ɗaya ne ko ta ina kuka bi. Faɗinsa bai wuce mita biyu da ɗoriya ba, gudunsa mil 4 a awa, kusan tafiyar ƙafa. Za ku riƙa tsayawa a famfon bakin ruwa kuna cika tanki, injin ne ke caja batur, kuma ba a kunna shi a inda aka ɗaure jirgi daga takwas na dare zuwa takwas na safe. Bambancin yana ga ƙofofin ruwa, waɗanda ake buɗewa da hannu don jirgi ya hau tudu ko ya sauka.

Na Oxford, da aka kammala a 1790, ƙofofinsa ƙanana ne, daidai jirgi ɗaya. Babban yaro ma zai iya taya babansa turawa. Na Kennet da Avon, wanda John Rennie ya tsara aka gama a 1810, ƙofofinsa masu faɗi ne, suna cin jirgi biyu gefe da gefe, ga nauyi. Kusa da Devizes akwai Caen Hill: ƙofofi 29 cikin mil biyu, 16 daga ciki a jere a kan tudu. Awa biyar zuwa shida ke nan ana murɗa ƙarfe ana tura katako. Da ƙananan yara da manya biyu kacal, wallahi ba zan so muku wannan wunin ba.

Kyan gari kam, Kennet da Avon ya fi. Bath da Bradford-on-Avon gine-ginen dutse ne masu launin zuma, Devizes kuma kasuwarta na ci ranar Alhamis a babban filin tsakiyar gari. Amma ki tuna tukunya. Firjin jirgi ƙarami ne, cefanen kwana biyu ko uku yake ɗauka, naman halal kuwa ba a kowane ƙaramin gari ake samunsa ba. A nan Banbury ta ciri tuta. Kanal ɗin Oxford ya ratsa tsakiyarta, kasuwa na ci Alhamis da Asabar, akwai masallaci da shagunan halal na al'ummar Pakistan da suka daɗe a garin. In kuka daidaita tafiya kuka kwana can daren Juma'a, kin yi cefane, maigida ya samu jam'i. A Oxford kuma titin Cowley ya wadatar.

Arewa da Banbury kanal ɗin lanƙwasa yake ta yi a tsakanin gonaki, don haka alƙibla na juyawa kowane ɗan lokaci. Ku ɗaure jirgi kafin salla, hanyar gefen ruwa a buɗe take.

Abu ɗaya da za ki bincika kafin ki biya: in bazara ta yi fari, ruwa kan ja a saman tudun Oxford, wajen Claydon da Napton, har hukumar Canal & River Trust mai kula da kanal ɗin ta taƙaita lokutan buɗe ƙofofi. Ki duba sanarwarsu, kuma ki tambayi masu hayar ko suna ba da rigar kariya daga nutsewa daidai jikin yara.