Wurin renon dashen 'yan bakin gulbi a yankin Argungu: abin da na gani, mai daɗi da mara daɗi

Assalamu alaikum jama'a. Masu ta tambayata a WhatsApp ko wurin renon dashen nan na ƙungiyar 'yan bakin gulbi ya cancanci mutum ya kai kuɗinshi, amsa ita ce eh ya cancanta, amma ba kowane iri nasu zan ce ku saya ido rufe ba, kuma akwai abubuwan da suka ɓata min rai da su waɗanda zan faɗa a nan tunda na riga na faɗa musu baki da baki.

Ga wanda bai san wurin ba, ba kamfani ba ne kuma ba ofishin gwamnati ba ne. Ƙungiya ce ta manoma da masunta da matan wani ƙauye a gefen Gulbin Rima, in ka baro Argungu ka nufi wajen Birnin Kebbi. Rumfar zana ce da jerin ledoji baƙaƙe da injin ban ruwa guda, sai wani littafi da sakatarensu ke rubuta sunan duk wanda ya ɗauki dashe da inda gonarshi take. Mata ne ke tankaɗe ƙasa su haɗa ta da yashi da ruɓaɓɓen takin dabbobi su cika leda, samari kuma su ke fita dashe da ban ruwa, dattawa su ke shiga tsakani in rigima ta taso kan iyaka ko kan dabbobi.

Abin da ya kai ni wurinsu shi ne gonarmu ta gado, wadda gulbi ke gutsira kowace damina. Kowa a nan ya san yadda abin yake, ruwa ya zo a Agusta ko Satumba ya rarake ƙasan gaɓa, saman ya tsage, wata safiya ka zo ka tarar kunya biyu ko uku sun tafi. Ambaliyar 2020 da aka ruwaito ta cinye gonakin shinkafa sama da hekta 450,000 a jihar nan ita ta fi yi mana ɓarna, amma gaskiya tun kafin ita gaɓar ta riga ta tsiraita. Giyayya da kanya da ɓaure da ke bakin ruwa lokacin muna yara duk an sare, wasu an yi itacen girki, wasu bandar kifi, wasu gawayi. Sannan tun da aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Anchor Borrowers a nan Kebbi a 2015 shinkafa ta yi daraja, kowa ya ture gonarshi har bakin ruwa, ko taku ɗaya ba a bari ba. Ƙara da masu tifa da ke kwasar yashi, ƙara da ranar da aka sako ruwa daga madatsar ruwa ta Goronyo ko ta Bakolori ya haɗu da na sama. To ina ƙasa za ta tsaya.

Ni da na je niyyata mangwaro kawai zan saya in jera a bakin gaɓa. Shugabansu, wani dattijo tsohon masunci, ya ce ba za su sayar min ba sai sun je sun ga wurin. Cewa ya yi, yaro in ka sa mangwaro inda ruwa ka kwana, kuɗinka ka zuba ma gulbi, bari mu tai mu gani tukuna. Na ce to Baba. Wallahi wannan zuwan da suke yi kafin su sayar maka shi ne abu na farko da ya bambanta su da masu jera dashe a bakin titi, waɗanda ko a cikin tafki ka ce za ka dasa kashu za su miƙo maka su karɓi kuɗi.

Da suka zo sai suka raba gaɓar gida uku. Can ƙasa inda ruwa ke duka, jema suka sa, ciyawar nan da ake zana da jinka da ita. Sun tsage tushenta ƙanana ƙanana suka dasa a layi, tsakanin wannan da wannan bai wuce tafin hannu ba, layi bisa layi suna bin kwanciyar gaɓar. Saiwar jema ƙasa take nutsawa kai tsaye, tana iya kai mita biyu zuwa uku, ba ta yaɗuwa gefe ta shiga maka gona, kuma in layin ya haɗe sai ya rinƙa tare laka da shara, ruwa ya wuce ƙasa ta tsaya. Na je bayan ruwa ya janye na sa hannu a bayan layin farko, laka ce sabuwa mai laushi ta taru har ta rufe min yatsu, a wurin da a da sai dai rami. Amma kafin su dasa sai da suka sa muka kwantar da gaɓar da shebur da fartanya, don inda ta miƙe tsaye kamar bango ba abin da zai kama. Aikin nan ya ci ƙarfi, gayya muka yi, ni na ɗauki nauyin abinci da goro.

Sama da jema, inda ruwa ke hawa ya yi makonni ya sauka, nan suka sa bagaruwa da giyayya. Su biyun nan suna jure tsayuwa cikin ruwa, kuma bagaruwa ga 'ya'yanta da majema ke saya don jimar fata, dabbobi ma suna ci. Sai can tudu inda ambaliya ba ta cika kaiwa ba, nan ne aka yarda min da mangwaro da gwaiba da zogale, da 'yan tsamiya a kan iyaka. Tsakanin layukan ban daina noma ba, na sa wake da kuɓewa da damina, da rani albasa da tattasai, ruwan da nake ba kayan lambu shi ne dashen ke sha, ka ga ba a yi aiki biyu ba. Wannan dabarar ita ta sa abin ya yiwu ga talaka, don in aka ce ka bar gona fayau kana jiran itace ya girma ba wanda zai yarda.

Wani abu da na koya wurinsu shi ne lokaci. Mu mun saba dashe sai damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, kuma haka ne a tudu. Amma a gangaren da ruwa ke rufewa sun ce a jira sai ruwa ya janye, wajen Oktoba zuwa Nuwamba ƙasa na da sauran danshi, a dasa a yi ta ban ruwa duk rani, kafin wata ambaliyar ta zo ya yi saiwa ya ɗaga kai. Wanda ka dasa a Yuli a wurin nan jariri ne ruwan Satumba zai tarar.

Sannan bibiya. Yaransu suna zagayowa da mashin su duba, in gara ta fara ci su ce ka zuba toka ka kwashe busasshen kara daga gindin, in ganye ya yi rawaya su tona su ga ko ruwa ne ya yi yawa. Wanda ya mutu a ranin farko ba da sakacinka ba suna musanya maka. Mun sha ganin dashen itatuwa na biki a ƙasar nan, a zo da motoci a ɗauki hoto a tafi, kafin Maris awaki sun gama da shi. Kebbi na cikin jihohi 11 na shirin dashen itatuwa don tare hamada na Great Green Wall, ga kuma shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace na ACReSAL na Bankin Duniya mai dala miliyan 700 da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma ina fatan masu riƙe da waɗannan shirye-shirye za su rinƙa neman irin waɗannan ƙungiyoyi su ƙarfafa su, saboda dasawa ba ita ce wahalar ba, wanda zai tsaya wa dashen daga Fabrairu zuwa Mayu lokacin da zafi ke ƙona komai shi ake nema, kuma sai ɗan gari.

A gonar tudu ta gero ma ba su sayar min da komai ba. Zagayawa muka yi suka nuna min kututturan sabara da kalgo da 'yan gawo da nake sarewa duk shekara lokacin sharar gona, suka ce in zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture in bari, in datse sauran. Sassaben zamani kenan da mutanen Maraɗi suka fara tun wajen 1983 tare da wani masanin noma mai suna Tony Rinaudo, wanda aka kiyasta ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai hekta miliyan 5 a Nijar. Saiwar na nan da ranta a ƙasa, shi ya sa yake saurin tashi fiye da na leda. Gawo kuwa kowa ya san halinshi, da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore dabbobi su samu inuwa da 'ya'ya su bar maka taki. Mutanen da ke sayar da dashe su ce maka wannan ba sai ka saya ba, ni a wurina wannan ya isa shaida.

To yanzu inda suka gaza. Na farko mangwaro mai aure, wato wanda aka ɗaura reshen iri mai kyau a kan gindin na gida. Na biya kuɗin aurarre, wanda ya fi na gida tsada nesa ba kusa ba, amma cikin waɗanda aka kawo min akwai waɗanda auren bai kama ba, saman ya bushe gindin ya tofo, wato mangwaron gida ne zai fito mai zare. Kuma ba sa rubuta suna a leda, Binta Suga da sauran iri duk a haɗe, sai yaron ya kalli ganye ya ce maka wannan kaza ne. A'a, wannan ba tsari ba ne. Mutum zai jira shekara uku ko huɗu kafin ya ga 'ya'ya, bai kamata a bar shi da ƙila wa ƙala ba. Sun musanya min wasu amma sai da na yi ta sintiri.

Na biyu alƙawarin lokaci. In sun ce Asabar ka sa ran wata Asabar ɗin, amalanke ɗaya gare su kuma ta wani memba ce, in yana aikin gonarshi shi kenan. Dashe ya daɗe a leda har saiwa ta huda ta kama ƙasa, in aka fizgo ta tsinke, kuma irin wannan ko ya rayu yana daɗewa bai murmure ba. Na ga masu irin wannan da yawa a layin bagaruwa, ya kamata su rinƙa ɗaga ledojin suna datse saiwar lokaci lokaci.

Na uku shinge, wanda ba su faɗa maka nauyinshi tun farko. Kuɗin kare dashen ya fi kuɗin dashen kanshi. Ko ka saƙa kwando na kara, ko ka sa waya, ko ka jibga ƙaya, kuma in ba ka yi hankali ba sai ka je ka sare wata bagaruwar don ka kare wata. Ni magarya na dasa a matsayin shinge mai rai, amma kafin ta tashi kwanduna na yi ta saya. Da sun faɗa wa mutum tun ranar farko ya shirya aljihunshi da ya fi.

Sai itacen turare. Suna renonshi da yawa saboda masu gini na son sandunanshi kuma yana kawo musu kuɗi da wuri, na fahimci wannan. Amma itace ne mai shan ruwa sosai kuma amfanin gona ba ya jin daɗi a kusa da shi, ban ga dalilin tallata shi ga mai ƙaramar fadama ba. Dattijon da kanshi ba ya so, samarin ne ke turawa.

Abin da na yaba kuma ban yi zato ba shi ne yadda suka bi da maganar makiyaya. Kafin a kafa layin farko sai da suka zauna da mai gari da arɗo aka ware mashaya aka bar hanyar da shanu za su sauka su sha ruwa, ba a dasa komai a nan ba. Da an toshe ta da yanzu wani labarin ake yi. Ba wai an daina ɓarna kwata-kwata ba, akwai daren da shanu suka tattake min wani ɓangare na jema, amma da aka kai magana an zauna an sasanta ba tare da an je ga hukuma ba, jemar ma ta sake tofowa.

Gargaɗi ɗaya ga masu noma a gonar haya ko aro ko jingina, kada ku sayi dashe sai kun yi magana da mai gona a gaban shaidu, don a al'adarmu dasa itace kamar kafa hujjar mallaka ne, da yawa ba za su yarda ba. Ƙungiyar ma sai ta tambaye ka wannan kafin ta rubuta sunanka. Haka kuma in gonarka na daidai inda gulbi ya yi kwana yana dukan gaɓa da ƙarfi, za su gaya maka gaskiya cewa jema kaɗai ba za ta riƙe ba, kuma aikin mutum ɗaya ba ya isa in maƙwabtanka na sama da na ƙasa ba su yi ba, ruwa zai zagayo ta wurinsu ya ci naka ta baya. Nawa maƙwabcin na sama har yanzu bai yarda ba, yana ganin layin jema zai rage mishi wurin shinkafa, muna dai ta lallashi.

In maki zan ba su, bakwai cikin goma. Jema, bagaruwa, giyayya, gwaiba da zogale ku saya hankali kwance. Mangwaro mai aure kuwa ku je da kanku, ku duba mahaɗin auren ku ga ya warke kuma sabon ganye daga samanshi yake fitowa, ku sa a rubuta muku sunan irin a jikin leda da kuma cikin littafinsu. Ku yi rajista tun Afrilu ko Mayu don zuwa Yuli masu kyau sun ƙare, kuma ku tafi da abin ɗaukar kayanku, kada ku jira amalankensu.