Teksas ko Niyok: wajen haraji, ka ɗauki Teksas

Ɗan'uwa, tunda an yi maka tayin aiki a Teksas kana zaune a Niyok, ni da na zauna a jihohin biyu shawarata ita ce ka karɓa. Harajin gwamnatin tarayya ɗaya ne a duk faɗin Amurka. Bambancin yana cikin abin da jiha da ƙananan hukumomi suke yanka.

Teksas ba ta taɓa albashin ma'aikaci, kuma a 2019 masu zaɓe suka shigar da haramcin harajin kuɗin shiga cikin kundin tsarin mulkin jihar. Ban manta ranar da na karɓi albashina na farko a birnin Hiyuston na Teksas ba, na duba takardar daga sama har ƙasa ban ga layin harajin jiha ba, kuma da wannan rarar na ƙara abin da nake aika wa mahaifiyata kowane wata. Harajin saye kashi 6.25 ne, ƙananan hukumomi kan kai shi 8.25, amma ba a ɗora shi kan kayan cefane. Niyok kuwa jiha ta yanki nata harajin kuɗin shiga, wanda ke kai kashi 10.9 ga masu manyan kuɗi, birnin Niyok ya ƙara tsakanin kashi 3 da 4, harajin saye kuma 8.875, abin da zan yaba mata kawai shi ne ana iya rayuwa a can ba tare da mota ba.

Inda Teksas take fanshewa shi ne harajin gida, wanda gundumomi da hukumomin makarantu suke karɓa, kuma a nan na yi sayen da na yi nadama. Dillalin da ya sayar mini da sabon gida ya nuna mini harajin shekarar da ta gabata, bai faɗa mini cewa a kan fili babu gini aka ƙiyasta shi ba, kuma bai bayyana mini nauyin ƙarin harajin hukumar ruwa da ke kan sababbin unguwanni ba. Da aka sake ƙiyasin darajar gidan, biyan wata-wata ya yi tsalle. Saboda haka ka kama haya shekara guda tukuna. In ka saya, ka nemi rangwamen gidan da kake zaune a ciki, wanda a 2023 aka ɗaga zuwa dala 100,000 da ake cirewa daga darajar gidan kafin a lissafa harajin makarantu, kuma yake hana ƙiyasin hawa fiye da kashi 10 a shekara.

Ka kuma kiyayi masu cike takardun haraji da ke alƙawarin dawo maka da kuɗi masu yawa amma su ƙi sa hannu a takardar, domin idan IRS, hukumar harajin tarayya, ta gano ƙarya, kai za ta bi. A shekarar ƙaurarka dole ka cike takardar Niyok ta watannin da ka zauna a can, don haka ka adana yarjejeniyar hayarka ta Teksas a matsayin shaidar ranar da ka tashi.